Jarka Mai Tikitinta

Minti arba'in ke nan motar Mokolo tana jiran cika a tashar Garwa. Kusa da ni wata mata ce siririya, za ta kai shekara hamsin, da takalmin roba har gwiwa a ƙarƙashin zani. Tikiti biyu ne a hannunta, ɗaya nata, ɗaya na wata jarka mai lita ashirin. Sau shida na ƙirga tana buɗe murfin, ta girgiza, ta sa hanci ta shinshina. Da na ji ta ce laka ce daga tafkin tace ruwan masai, sai na ɗan matsa gefe.

Mai lodi ya miƙo hannu. "Hajja, a ɗora ta sama mana."

"Rana za ta kashe su, ɗana."

"Su wa?"

"Bakteriya. Su ke cire naitirojin ɗin fitsari, su mai da shi iska. Na wurin aikinmu sun mutu, ruwa na zuba rafi ɗanye. Iri na zo ɗiba, kuma ba sa jure jira."

Ni dai na kasa rufe baki. Wataƙila shekaru ta yi mutane na toshe hanci in ta wuce.

Direba ya ce saura fasinja uku. Ta dubi agogo, ta taɓa jarkar, ta ce a yanko mata ukun mu tafi.