Buhun Ƙasar Baban Kulɓa

Baban Kulɓa ake ce masa a wurin aiki, shi kuwa ko a jikinsa. Aikinsa kula da wani ɗaki mai zafi a bayan gidan namun daji, inda aka jera akwatunan gilashi. A cikinsu ake ajiye wata 'yar kulɓa mai jan wutsiya, tsawonta bai wuce yatsa ba, wadda masana suka ce duk duniya ba a samunta sai a kan dutse ɗaya. A gindin dutsen nan aka haife shi. Yana saurayi masu fasa dutse suka sayi wurin, aka tashi ƙauyensu. Kulɓar da aka iya kamawa aka kawo nan, shi ma ya biyo su.

Halittar nan akwai taurin kai. Abincinta gara ce, ko ta ina ce za ta ci, amma ƙwai ba ta yinsa sai a baƙar ƙasar dutsensu. An gwada wa wasu ƙasar lambu, an gwada yashi, suka riƙe ƙwan a ciki har ya kashe su. Shi ya sa duk farkon damina yake ɗaukar buhu ya hau mota ya je ɗebowa.

Kowace shekara dutsen raguwa yake, akwatunan ma haka. A ƙarshe abin da injuna suka bari shi ne tsohuwar maƙabarta, a maƙale a bakin ramin da suka haƙa. A nan ya riƙa ɗiba, daga gefe, kusa da inda mahaifiyarsa take kwance. Da yayarsa ta ji, ta same shi har gida.

"Ƙasar kabarin Inna kake kai wa ƙadangaru? Ko kunya ba ka ji?"

"Yaya, ba kabarin nake taɓawa ba. Kuma ba su da wata ƙasar."

"To mu muna da wata uwar ne?"

Tun ranar ba ta sake taka gidansa ba, abin kuwa ya ci masa rai ƙwarai.

Bana kulɓa mace ɗaya ta rage. Cikinta ya tsufa, sai zagaye akwati take tana tono da hanci. Ya ɗauki buhunsa ya tafi. Da isarsa ya tarar ruwan sama ya zaftare gaɓar, maƙabartar gaba ɗaya ta rufta cikin ramin, koren ruwa ya rufe komai. Mai gadi ya ce masa ai an kwana biyu da faruwar abin.

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya durƙusa ya kwashi abin da ya samu a bakin ramin, tsakuwa ce da farin garin dutse. Ya kawo ya shimfiɗa wa kulɓar da hannunsa. Ta shinshina, ta ja jiki ta koma lungu ta kwanta. Ya zauna a kan benci yana kallonta, ya rasa bakin da zai je ya gaya wa yayarsa.