Murjanin da Kawu ya ba ƙanwata

Jiya a Kusasu na ga farin murjanin nan, wani tsiron teku mai kama da dutse, cikin adakar ƙanwata, sai raina ya sosu. Kawu ne ya dawo da shi daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, a zamanin Turawa. Muna yara yakan ɗora min shi a hannu, ga kaushi ga sanyi, ya ce, "Wannan ba ya tsirowa sai inda hasken rana ke kaiwa. Amma daga can ƙasan teku ƙugiyar jirginmu ta fizgo shi, gefen tsibiri mai aman wuta. Ashe tsibirin ne ke nutsewa a hankali."

Ni kaɗai nake saurarensa. Ita dariya take yi, wai ƙasa ba ta nutsewa. Da zai rasu, ita ya ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ni kuma ya yaye min ƙyashin nan, tunda tsufa ya kasa.