Maman Danjaros

Kowace safiya, kafin Jacinta ta buɗe shagonta na sayar da gas a Nasarawo, sai ta durƙusa a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. Masu wucewa sun ɗauka addu'a take yi, har wasu kan rage murya. Shinshina ƙasan ƙofar take yi, don gas in ya zurare ƙasa yake kwanciya.

'Yar Kaltungo ce. Ta yi shekaru tana koyar da Turanci a wata firamare mai zaman kanta a Hammadu Kafi, kafin ta ajiye alli ta kama wannan sana'a. Ranar da ta fara, da hannunta ta rubuta DANGEROUS da jan fenti a jikin kejin ƙarfen da take jera tukwanen gas. Tun daga nan unguwa ta raɗa mata Maman Danjaros. Samarin layin sun mai da kalmar kirari: ɗan ƙwallon da ya iya yanka danjaros ne, haka budurwar da ta iya kwalliya. Jacinta ba ta dariyar wannan. Ƙanwarta Nancy na da tabon wuta daga wuya har gwiwar hannu, tun ranar da ta zuba fetur a fitila daga galan ɗin da ba a rubuta masa komai ba.

Wata Talata da hantsi mai gidan da take hayar shagon, Alhaji Sallau, ya iso da gwangwanin farin fenti. Shagon da ke maƙwabtaka da nata ya daɗe a kulle, kuma tela na baya-bayan nan da ya zo dubawa yana karanta rubutun ya juya. Shi Alhaji da sunan ɗanta yake kiranta.

"Maman Kenneth, ga fenti nan. Shafe mini wannan Turancin naki."

"Ina kwana, Baba Alhaji. Me ya yi maka?"

"An fassara mini shi. Wai wurin nan kisa yake yi. Ke da kanki kin rubuta gidana kisa yake yi!"

"Ba haka yake nufi ba, Baba. Cewa ya yi abin da ke ciki yana iya cutarwa, a yi hattara. Ai motarka ma danjaros ce, kuma kullum kana cikinta."

"To kin ga na rubuta a goshinta? Ki ci gaba da cinikinki, ban hana ki ba. Rubutun kawai."

"In na shafe, gas ɗin zai koma ruwan sanyi ne?"

Wani mai acaɓa da ke jira da tukunyarsa ya tuntsire da dariya. Alhaji ya harare shi.

Jacinta ta nuna bencin da ke tsallaken titi. "Ka ga masu shan sigarin can? Da a inuwar nan suke zama. Ko wanda bai yi boko ba a cikinsu ya san jan nan. Telan da kake nema zai zo da dutsen guga na gawayi, ya ajiye a jikin bangona. Gara ya karanta ya gudu."

"Ke dai taurin kai gare ki, wallahi. To ki ji: ko rubutu ya tafi, ko ke ki tafi ƙarshen wata."

A shagon nan take ciyar da gida tun da ciwon ƙafa ya zaunar da mijinta Nehemiah, kuma ta san ba kowane mai gida ke karɓar mai gas ba. Ta ɗauki gwangwanin ta miƙa masa da hannu biyu.

"Allah ya kai mu ƙarshen watan, Baba. Amma sai tukunyar ƙarshe ta fita kafin harafi ɗaya ya goge."

Ya karɓa ya tafi yana sababi. Ta kira Millicent, ƙawarta ta coci da ke Tudun Wada, ta ce ta fara tambaya mata shago, wanda ke nesa da masu tsire. Sannan ta ɗora tukunyar mai acaɓan a sikeli ta cika, ta shafa kumfar sabulu a bakin tukunyar ta tsaya kallo. Da ta ga kumfar ba ta tashi ba, alamar gas ba ya zurara, ta taya shi ɗaurewa a bayan babur.