Randar Inna

Wata biyu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Sau uku ina farawa ina gogewa.

Amai da gudawa ne suka kama ni ran wata Talata da hantsi, ina rumfata ta ɗinki kusa da tashar motocin Maraɗi. Kafin la'asar ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Aka kwantar da ni a tantin da aka keɓe, kan gado mai rami da bokiti a ƙarƙashi. Na rubuta a littafina: ledar ƙarin ruwa bakwai cikin kwana biyu. Wataƙila takwas ce, ban tabbata ba.

Likita ya ce, "Kai za ka tashi. Ruwan gidanku nake tsoro."

A gida akwai Inna, mahaifiyata, da matata da yara huɗu, duk randa ɗaya. Ma'aikatan lafiya sun kai ƙwayar tsabtace ruwa, Inna ta kore su. Ta ce rijiyar da mijinta ya haƙa ba ta kashe jikokinsa. Abin da ya fi ɓata mata rai, ta miƙa musu ruwa sun ƙi sha.

Duk sanda aka ɗaga labulen tantin sai in duba ko ɗana ne aka kawo.

Malama Hadiza ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce. A da a ofis ake samunta, cutar ta sa ta koma bin gidaje. Ta tsaya bayan igiyar da aka gitta ta saurare ni. Na ce ta tafi wurin Inna da mai unguwa.

Ta ce, "In na je da shi, ranar kaɗai za ta yarda."

Matata ce ta ba ni sauran labarin ta waya. Malama ta je ita kaɗai, ta durƙusa ta gaida Inna. Aka kawo ruwa a moɗa, ta karɓa hannu biyu.

"Inna, zan sha. Amma cikina bai kai naku ƙarfi ba. Bari in sa magani a randar, mu jira."

"Ashe 'yar birni ce ke."

"Daga ƙauyen Daddara nake, Inna."

Rabin awa suna hirar ciwon gwiwa. Sannan ta sha, ta miƙa wa Inna. Inna ta kurɓa, ta ce warin asibiti yake, ta shanye.

Kwana shida aka sallame ni. Ba wanda ya biyo ni tantin. Yanzu Inna ce ke jefa ƙwayar da kanta, ba ta bar wa kowa.

Alhamdu lillahi. Malama, Allah ya saka miki.

Jama'a, in gudawa ta fara, ku haɗa ruwan gishiri da sukari ku nufi asibiti. In kuwa da tsohuwa a gida, kada ku yi mata gardama kan rijiya. Ku karɓi moɗar tukuna.