Layi na Tara na Malam

A shekarata ta biyu a jami'a, malamin lissafinmu ya ba mu aikin hutu: mu rubuta ɗan shiri a manhajar aljabara wanda zai tara jerin lambobi. Ya ba mu wani guntu da ya rubuta da kansa, ya ce mu ɗora namu a kai. Wanda amsarsa ba ta fita daidai ba zai maimaita darasin baɗi.

Na tafi gida Gangara da tsohuwar kwamfutar yayana. Ba mu da wuta, sai ranar kasuwar Sabon Birni nake kai ta wurin mai cajin waya, in samu aikin awa biyu. Sauran kwanakin a takarda nake lissafi, a inuwar rumbu. Takarda ta ba ni amsa ɗaya, kwamfuta ta ba ni wata da ta gaza ta kaɗan.

Manhajar tana da hanyar bin sawun kuskure. Kana tsayar da shirin a layin da ka zaɓa, ka duba lambar da kowane harafi ke riƙe da ita, sannan ka matsa gaba. Umarnin matsawa biyu ne. Next yana tsallake guntun da aka kira, ya kawo maka sakamakonsa kawai. Step kuwa shiga yake da kai har ciki. Layukana na bi su ɗaya bayan ɗaya har na haddace su, amma duk sanda na iso guntun Malam, next nake bugawa. A gidanmu yaro ba ya leƙa ɗakin babba ko da ƙofa a buɗe take. Kasuwa uku na yi ina zargin kaina.

A ta huɗu, caji saura kaɗan, na buga step. A layi na tara na Malam, ƙirga tana tsayawa kafin lamba ta ƙarshe.

Da muka koma makaranta, na daɗe a ƙofar ofishinsa kafin in yi sallama.

"Shigo mana, Bagobiri," in ji shi. "Mi ya faru kake raɓe-raɓe kamar wanda ya saki akuya a gonar mutane?"

Bakina ya kasa cewa Malam ya yi kuskure. Na tsayar da shirin a layin, na juya kwamfutar gabansa.

"Allah gafarta Malam, a nan yake tsayawa."

Ya gyara tabarau, ya buga step sau biyu, ya ɗago kai ya dube ni.

"Wato cikin guntuna ka shiga?"

"Sau ɗaya ne, Malam."

Ya yi dariya har da tari. "Ajin nan kaf kuskurena suka dawo min da shi, yadda na ba su shi. Za ni gyara. Kai ka ci. Amma gobe kai za ka nuna musu a allo."

Washegari na tsaya gaban aji, na ɗauki alli, na fara bayani ƙasa-ƙasa. Na baya suka ce ba sa ji, sai da Malam ya maimaita musu duk abin da na faɗa.