Ranar da Kakata Ta Kai Ƙorenta Birni

Har yau in lasifika ta yi ƙarar nan mai tsinka kunne kafin a fara magana, sai in ji fuskata ta ɗau zafi. Bari ka ji dalili.

A Fulatan na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, wadda kowa ke kira uwar kiɗan ƙwarya. Da kaka, in an gama roron gyaɗa bukukuwa suka kankama, ba ta zama: yau Ruwan Bago, gobe Rogo, jibi Karaye. Ƙawayenta su kife ƙore a tabarma, ɗaya a cikin masaki mai ruwa, ita kuwa ta ci ɗamara da gyale ta ba da waƙa. Muryarta ba zaƙi gare ta ba, kauri gare ta, tana cika fili ba tare da ta yi wahala ba. Tun ban iya ɗaurin zane ba ta sa ni cikin 'yan amshi.

Wata shekara kawuna, ɗanta mai sayar da yadi a Kano, ya tashi aurar da 'yarsa, ya aiko a zo da ƙoren. Ban taɓa ganin murnarta irin ta lokacin ba. Ta sha lalle, ta kankare ƙoren da kanta. A mota ta yi ta ba mu labarin Kanon da ta sani da ƙuruciya: kalangun mahauta, masu kukuma da goge, mandirin masu zikiri, gangunan Yarabawa a Sabon Gari. A cewarta, gari ne da kowane kiɗa ke da wurin zama, ba mai korar wani. Da muka shiga na ga kamar haka ne, don kowane mai kaset da irin waƙar da ke tashi a rumfarsa.

Ranar yini aka zaunar da mu a gefe, kusa da tukwane. Tsakiyar fili na wasu samari ne masu fiyano da lasifiku dogaye kamar ƙyauren ɗaki. Muka yi ta jira, hayaƙi na shiga mana ido, sai bayan la'asar kawu ya matsa aka ba mu fili.

Wani saurayi ya miƙa wa kakata makirfo, ya dasa wani a gabana saboda ni ce ƙarama, ƙila yana ganin zai ƙayatar. Ba a sa wa ƙoren komai ba. Kakata ta kai abin bakinta ta saki murya yadda ta saba a filin Allah. Lasifika ta yi wata irin ƙara, mata suka toshe kunne. Ƙawayenta ba sa jin kiɗan hannunsu, suka rikice. Duk da haka ta kai ƙarshen baitin, ni kuma na amsa yadda aka koya mini. Sai na ji muryata ita kaɗai, siririya, da harshenmu na ƙauye, tana dawo mini tana maimaita kanta. Dariya ta tashi. Wata yarinya sa'ata, mai leshi, ta kwaikwaye ni, aka ƙara fashewa.

Saurayin ya kunna kiɗan fiyano a ƙarƙashin waƙar, wai ya taimaka. Kakata ta tsaya. Ta miƙa masa makirfon da hannu biyu ta ce, "Ga kayanka, yaro. Allah ya yi albarka."

Kawu ya same mu muna haɗa ƙore, ya durƙusa yana ba ta haƙuri.

"Kai za a ba haƙuri," in ji ta. "Na kunyata ka cikin mutanenka."

Wannan maganar ta fi dariyar yi mini ciwo. Na cusa fuskata a zanenta, ban ɗago ba har muka bar wurin.

Ba ta sake kiɗa ba. In an zo gayyata sai ta ce ƙirjinta ke ciwo. Ƙoren suka koma na bakace da shanyar kuɓewa, ƙawayen suka watse, bayan 'yan shekaru ta rasu.

Yanzu a Kano nake aure. Garin na nan da kaɗe-kaɗensa, har sun ƙaru: masu yabo, 'yan nanaye, samari masu waƙar gambara ta zamani. Kiɗan ƙwarya ma ya dawo, manyan mata na alfahari da shi, an kuma koyi yadda ake sa masa na'ura. Bara amaryar nan, 'yar kawu, ta kira ni, za ta aurar da tata 'yar, tana tambaya ko a Fulatan akwai sauran masu yi irin na Inna, wato kakarmu. Na ce babu. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce ba ta manta yadda Inna ta ƙawata mata biki ba. Na tambaye ta dariyar fa. Ta ce wace dariya?

Duk waɗanda suka yi ta sun manta, wadda aka yi wa ta tafi. Ni kaɗai na rage da nake sunkuyar da kai.