Awon Kanwar Baba

Jiya ina shan kunun kanwa sai mahaifina, maginin tukwane a Gwammaja, ya faɗo mini a rai. Lokacin yaƙin basasa sodar da yake tsinka ruwan yumɓu da ita ta daina zuwa daga Kudu. Sai ya koma amfani da kanwa, yana adana ta a tulu mai murfin fata saboda danshi.

Wata rana ina taya shi aiki na zuba kanwar da yawa, ruwan ya yi kauri kamar kwanannen kunu, aikin mako ya lalace.

"Baba, ba ita ke tsinka shi ba?"

Ya tsoma yatsa a ruwan ya lasa. "Ita ce. Harshe ke awo, ba cokali ba."

Har yau nawa harshen bai gane ba. Awon ya bi shi kabari, Allah ya haskaka masa shi.